Suna Linzami Ne: Yadda Aka Raɗa wa Ƙasusuwan Mutanen Farko Sunaye

A watan Agustan 1856 wasu leburori masu fasa dutsen farar ƙasa a kwarin Neander, kusa da birnin Düsseldorf na Jamus, suka ci karo da ƙasusuwa a wani ƙaramin kogo. Da shebur suka kwashe su suka watsar, don an ɗauka na dabbar daji ne. Abin da aka tsira da shi guda 16 ne: saman ƙoƙon kai, ƙasusuwan cinya biyu, na hannu, ɓarin ƙugu da 'yan haƙarƙari. Wani malamin makaranta mai suna Johann Carl Fuhlrott ya duba, ya ga na mutum ne, amma mutum mai ban mamaki: goshi a kwance, ƙashin gira ya yi tudu, gaɓoɓi masu kauri. Ya kai wa Hermann Schaaffhausen, masanin ƙirar jiki a Jami'ar Bonn. Sai da aka shekara takwas ana ja-in-ja kafin wani ya yi ƙarfin halin raɗa wa mai ƙasusuwan suna.

Jinkirin yana da dalili. A wurin masana halittu, sa wa ƙashi sabon suna daidai yake da yanke hukunci cewa mai shi wata halitta ce dabam da duk waɗanda aka sani. Ko mutum ya gamsu da bayanin masanan kan alaƙar waɗannan halittu da ɗan Adam ko bai gamsu ba, ƙasusuwan dai suna nan a gidajen tarihi, kuma dole a kira su da wani abu. Abin da nake son mai karatu ya gani shi ne kowane suna a wannan fage da'awa ce, kuma sau da yawa da'awar ta rushe ta bar sunan a tsaye.

Tsarin ya samo asali daga Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin. A bugu na goma na littafinsa Systema Naturae, a 1758, ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu da harshen Latin: ta farko ta dangi, ta biyu ta nau'i. Mu ya kira mu Homo sapiens. Daga baya masana suka kafa wa tsarin dokoki, kuma biyu daga cikinsu ne ke juya wannan labari gaba ɗaya. Ta farko ita ce dokar rigaye: sunan da aka fara wallafawa bisa ƙa'ida shi ne suna, ko da daga baya an ga bai dace ba. Ta biyu kuma, dole a ware wani samfuri guda a ce shi ne ma'aunin sunan, wanda za a riƙa gwada duk abin da aka samu nan gaba da shi. Wannan shi ne sunan yanka. Irin su Lucy da Toumaï, da jaridu ke kiran wasu fitattun ƙasusuwa da su, laƙabi ne kawai.

Amma Linnaeus ya bar giɓi babba. Ga sauran dabbobi yakan lissafa siffofin da za a gane su da su, ga mutum kuwa ya wadatu da tsohuwar maganar nan ta Girkawa, wai ka san kanka. Bai ajiye samfuri ba, bai shata iyakar dangin Homo ba, don a zamaninsa babu wanda zai rikita mutum da wani abu. Da ƙasusuwan Neander suka fito, sai aka rasa ma'aunin da za a ce ga inda mutum ya tsaya, ga inda wanda ba mutum ba ya fara.

Saboda haka kowa ya faɗi albarkacin bakinsa. August Mayer, shi ma na Jami'ar Bonn, ya ce ƙasusuwan na wani sojan doki ne daga rundunar Rasha da ta fatattaki Napoleon a 1814. Hawan doki da ciwon ƙashi suka lanƙwasa masa ƙafafu, azabar ciwo kuma ta sa yana tamke fuska har ƙashin girarsa ya kumbura. Thomas Huxley na Ingila ya ce mutum ne irinmu, sai dai ya kai matuƙa wajen kaurin halitta. Rudolf Virchow, babban likitan Jamus na lokacin, ya duba su a 1872 ya ce cuta ce ta nakasa mai su, kuma nauyin sunansa ya danne maganar a Jamus shekaru da yawa.

Wanda ya raɗa sunan ba Bajamushe ba ne, bai ma taɓa riƙe ƙasusuwan a hannunsa ba. William King, malamin ilimin duwatsu a Galway ta ƙasar Ailan, kwafin ƙoƙon kan da aka yi da filasta ya nazarta. Ya gabatar da ra'ayinsa a wani taron masana a Newcastle a 1863, aka buga a 1864 da sunan Homo neanderthalensis. Karo na farko ke nan da aka ce an taɓa yin wani nau'in mutum da ya shuɗe. King bai yi haka don girmama mai ƙashin ba. Yana ganin halitta ce mai duhun kai, kusa da biri, har ya ƙara bayani a ƙasan shafi cewa yana shakkar ma ta cancanci zama cikin dangin Homo. Bayan shekara biyu Ernst Haeckel ya zana bishiyar halittu ya sa Homo stupidus, wato mutum dolo. Ba don dokar rigaye ba, da wataƙila da wannan sunan zagi ake kiran mutanen da yanzu aka san suna binne gawa, suna sarrafa wuta, suna jinyar naƙasassunsu. Akwai kuma wani ƙoƙon kai irin nasu da aka tono a Jibralta tun 1848, da na wani yaro a Engis ta Beljiyam tun 1829, amma ba wanda ya gane su a kan lokaci, sai sunan ya tafi ga kwarin Jamus. Zancen cuta bai mutu ba sai 1886, da aka tono gawarwaki biyu masu irin wannan ƙira a Spy ta Beljiyam, tare da kayan aikin dutse da ƙasusuwan dabbobin da suka ƙare.

Haeckel ya sake yin wani abin da ya fi wancan, ya riga malam masallaci. Ya ƙirƙiri suna, Pithecanthropus alalus, biri-mutum marar magana, ya ba wata halitta da babu ko ƙashinta guda a hannun kowa. Hasashe ne tsagwaronsa, amma ya shiga ran wani matashin likita ɗan Holan, Eugène Dubois. A 1887 Dubois ya ajiye aikin koyarwa ya shiga soja a matsayin likita don kawai a tura shi tsibiran da yanzu ake kira Indunusiya. A Trinil, bakin kogin Solo a tsibirin Java, fursunonin da gwamnatin mulkin mallaka ta ba shi suka tono saman ƙoƙon kai a 1891, da ƙashin cinya a 1892, kimanin mita 15 tsakaninsu. Ƙoƙon yana ɗaukar kusan mililita 900, ya zarce na biri nesa, bai kai namu mai wajen 1,350 ba. Ƙashin cinyar kuma na mai tafiya a miƙe ne.

Da farko Dubois ya sa shi cikin dangin birai. Da ya sake auna ƙoƙon, sai a 1894 ya ɗauki rabin sunan Haeckel ya haɗa da nasa: Pithecanthropus erectus. A nan za a ga yadda suna ke jan mai shi. Dubois ya tafi neman abin da aka riga aka raɗa wa suna, da ya samu ƙashi sai ya saka shi cikin sunan, ya kuma kashe sauran rayuwarsa yana kare shi. Da suka ta yi yawa, wasu na cewa babban biri ne, wasu na cewa ƙoƙon da cinyar ba na halitta ɗaya ba ne, sai ya kulle ƙasusuwan ya hana kowa gani har 1923.

Shigowar ƙarni na ashirin sai abin ya koma gasa tsakanin ƙasashe. Jamus ta samu muƙamuƙi a wani ramin yashi a Mauer a 1907, wani lebura mai suna Daniel Hartmann ya tono shi, Otto Schoetensack ya kira shi Homo heidelbergensis a 1908. Muƙamuƙi kaɗai, babu kai. Har gobe wannan na damun masana, domin dokar samfuri ta ce da shi za a gwada, alhali yawancin ƙoƙunan da ake son sa wa sunan ba su zo da muƙamuƙi ba. A Faransa wani dillalin kayan tarihi, Otto Hauser, ya tono gawa a Le Moustier aka sa mata Homo mousteriensis hauseri, da sunansa a jiki, alhali ɗan Neander ne kamar sauran.

Ingila ba ta da komai, kuma abin na ci mata tuwo a ƙwarya. A watan Disamban 1912 aka sanar a Landan cewa wani lauya, Charles Dawson, ya samu gutsattsarin ƙoƙon kai da muƙamuƙi a Piltdown. Arthur Smith Woodward na gidan tarihin halittu na Landan ya ba shi sabon dangi sukutum, Eoanthropus dawsoni, mutumin asuba na Dawson. Kai irin na mutum, haɓa irin ta biri. Manyan masanan Ingila sun daɗe suna cewa ƙwaƙwalwa ce ta fara girma kafin sauran jiki ya bi, ga shi ƙasa ta tofo musu hujja, a cikin garinsu. Sai a 1953 Kenneth Oakley da Joseph Weiner da Wilfrid Le Gros Clark suka tabbatar da cewa haɗi ne: ƙoƙon mutumin da bai wuce 'yan ɗaruruwan shekaru ba, da muƙamuƙin birin orangutan da aka goge wa haƙora da magagari aka rina shi. Shekara arba'in sunan ƙarya yana zaune a littattafan makaranta.

Akwai labarai biyu na haƙori guda da ya kamata a ajiye su gefe da gefe. A 1922 Henry Fairfield Osborn, shugaban gidan tarihin halittu na New York, ya karɓi wani gogaggen haƙori daga jihar Nebraska ya raɗa masa Hesperopithecus haroldcookii, don karrama Harold Cook da ya tsince shi. Da aka koma wurin aka ƙara tono, sai a 1927 ta bayyana haƙorin na wani dangin aladen daji ne da ya ƙare. A wannan shekarar dai, Davidson Black, likita ɗan Kanada mai koyarwa a Bejin, ya ɗauki turmin haƙori ɗaya daga kogon Zhoukoudian, kusa da birnin, ya kafa masa dangi da nau'i, Sinanthropus pekinensis. Shi kam ƙasa ta rufa masa asiri: a Disamban 1929 Pei Wenzhong ya zaro ƙoƙon kai daga cikin kogon. Ana yaba wa Black da hangen nesa, ana yi wa Osborn dariya, amma a ganina hanyarsu ɗaya ce, sa'a ce ta raba su. Kuma ba a rasa dalilin gaggawar ba. Gidauniyar Rockefeller ce ke biyan kuɗin tonon Zhoukoudian, kuma mai ba da kuɗi ya fi jin sabon suna fiye da a ce masa an ƙara samun irin abin da Dubois ya samu.

Afirka ta shigo labarin ta ramukan ma'adinai. A 1921, a mahaƙar dalma da tutiya ta Broken Hill, garin da yanzu ake kira Kabwe a Zambiya, aka fito da ƙoƙon kai kusan cikakke. Tarihi ya riƙe sunan Baturen da ke wurin, Tom Zwigelaar ɗan Suwizalan; ɗan Afirkan da suke aiki tare ba a rubuta sunansa ba. Aka aika da ƙoƙon Landan, Woodward ya kira shi Homo rhodesiensis, da sunan ƙasar da aka raɗa wa sunan Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Ingila. Bayan shekara bakwai wani abokin aikinsa, William Pycraft, wanda asalinsa masanin tsuntsaye ne, ya karanta ƙashin ƙugu a karkace ya ce mai shi a duƙe yake tafiya, ya sake masa dangi, Cyphanthropus.

Sai batun da ya fi ci mini rai. A ƙarshen 1924 aka kawo wa Raymond Dart, matashin malami a Jami'ar Witwatersrand ta Johannesburg, akwatunan duwatsu daga mahaƙar farar ƙasa ta Taung. A ciki ya samu fuskar wani yaro ɗan kimanin shekara uku da zubin ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaƙwalwar ƙarama ce irin ta biri, amma fiƙoƙinsa ƙanana ne, kuma ramin da laka ke bi ta shiga kai yana ƙasa, alamar mai tafiya da ƙafa biyu. A Fabrairun 1925 ya wallafa a mujallar Nature da sunan Australopithecus africanus, birin kudu na Afirka. Ku lura da sunan: Dart ya fi sauran kamun kai, bai ce mutum ba, bai sa sunansa ba. Duk da haka Landan ta yi masa ca. Suka ce ɗan biri ne, suka ce ya yi gaggawa, wasu har suka tsaya kushe shi don ya gauraya Latin da Girkanci a kalma ɗaya. Gaskiyar magana, yaron Taung ya zo da ƙaramin kai da alamar tafiya irin ta mutum, kishiyar Piltdown ke nan, kuma ya fito daga nahiyar da yawancinsu ba sa son a ce can ne tushe; idonsu na kan Asiya da Turai. Sunan jabu ya tare wa na gaskiya hanya fiye da shekara ashirin. Sai a 1947 Arthur Keith, jigon masu sukar, ya rubuta a fili cewa Dart ne ke da gaskiya.

Wanda ya wanke Dart shi ne Robert Broom, likita ɗan Sikotilan, wanda ya fara wannan farauta yana dab da shekara saba'in. Ya samo manyan irin yaron Taung a Sterkfontein daga 1936. Amma Broom bai iya ganin ƙashi ya bar shi ba suna. Na Sterkfontein ya zama Plesianthropus transvaalensis. Na Kromdraai, wanda wani ɗan makaranta ya nuna masa a 1938, ya zama Paranthropus robustus. Swartkrans ta ba da Paranthropus crassidens da Telanthropus capensis. Waɗannan kogunan duk a kwari ɗaya suke, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. A Java aka ƙara Javanthropus da Meganthropus. Kafin tsakiyar ƙarnin, sunayen nau'i sun haura 100.

Me ya jawo haka? Son suna yana ciki, kishin ƙasa yana ciki, kuɗi yana ciki, amma akwai dalili mai zurfi. Kusan dukkan mutanen nan likitoci ne da masana ƙirar jiki. An horar da su su ga bambancin wannan ƙashi da wancan, ba a horar da su su tambayi yawan bambancin da ke cikin al'umma ɗaya ba. Namijin gwaggwon biri da tamatarsa sun sha bamban a girman kai da haƙora, yaro da tsoho haka, mu ma haka. Wanda ke da ƙoƙo ɗaya tak a hannu ba shi da hanyar sanin ko abin da ya gani siffar nau'i ce ko ta mutum ɗaya. Franz Weidenreich, wanda ya gaji Black a Bejin, bai ɓoye ba cewa shi yana amfani da sunayen ne a matsayin lamba don sauƙin magana. Masana dabbobi kuwa idan suka ji sunan dangi dabam, sun ɗauka ana nufin tazara mai nisa. Ɓangarori biyu na amfani da kalmomi ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

A 1950, a wani taro a Cold Spring Harbor ta Amurka, Ernst Mayr ya zo da tsintsiya. Shi masanin tsuntsaye ne, ba mai tonon ƙasusuwan mutane ba, kuma yana cikin waɗanda suka kafa fahimtar cewa nau'i al'umma ce mai hayayyafa a tsakaninta, mai bambance-bambance a cikinta. Ya ce duk tarin sunayen nan dangi ɗaya ne, Homo, nau'i uku: transvaalensis, erectus, sapiens, ɗaya na bin ɗaya. Mutumin Java da na Bejin suka haɗu a Homo erectus, kuma kalmar Dubois ce ta tsira saboda ta riga ta Black da shekara 33. Mutanen Neander aka shigo da su cikin sapiens.

Sharar ta yi amfani, amma ta wuce gona da iri. Mayr ya gina ta ne kan cewa mai al'ada da kayan aiki yana iya rayuwa a ko'ina, don haka nau'in mutum biyu ba za su zauna a zamani ɗaya ba. Shi da kansa ya janye batun saka Australopithecus cikin Homo. Zuwa tsakiyar shekarun 1970 kuma an samu ƙoƙuna biyu masu bambancin da ba ya musantuwa a shimfiɗar ƙasa ta zamani ɗaya a Koobi Fora, gabashin tafkin Turkana na Kenya, sai ginshiƙin ya faɗi. Tsohuwar ɗabi'ar ma ba ta mutu nan take ba. Da Mary Leakey ta samu ƙoƙo a Olduvai ta Tanzaniya a 1959, mijinta Louis ya kira shi Zinjanthropus boisei, don Charles Boise mai ba su kuɗi. A 1964, don Homo habilis, wani sabon nau'i daga Olduvai, ya samu shiga dangin Homo, sai da aka sauke mafi ƙarancin girman ƙwaƙwalwa daga mililita 750 da Keith ya gindaya zuwa 600, giɓin Linnaeus bai rufu ba ke nan. A Cadi, Yves Coppens ya raɗa wa wata fuska da yashi ya goge Tchadanthropus uxoris, don matarsa ce ta tsince ta.

Abin da ya sauya sannu a hankali shi ne harsunan masu ƙasar sun fara shiga cikin sunayen: ramidus daga harshen Afar na Habasha, anamensis daga na Turkana, naledi daga Sesotho. An kuma fara rubuta sunan wanda ya tsinta. Ƙoƙon da aka samu a hamadar Djurab ta Cadi a Yulin 2001, wanda aka kira Sahelanthropus tchadensis, kowa ya san Ahounta Djimdoumalbaye ne ya fara ganinsa.

Tsofaffin sunayen kuwa dokar rigaye na riƙe da su. A 2021 Mirjana Roksandic da abokan aikinta suka kawo Homo bodoensis, daga wani ƙoƙo na Bodo a Habasha, don ya maye gurbin rhodesiensis, kuma sunan Rhodes na cikin dalilansu. Masana da yawa suka ce dokar ba ta ba da dama ba, kuma a 2023 hukumar da ke kula da sunayen dabbobi ta duniya ta bayyana cewa ba za ta sauya suna saboda munin tarihin mai shi ba. Na fahimci tsoronsu. Idan aka buɗe wannan ƙofa, za a koma rikicin da Mayr ya tarar. Amma ina ganin an fi ba harafi muhimmanci a kan ƙashin kansa: ƙoƙon Kabwe yana Landan tun 1921, Zambiya ta shafe shekaru tana neman a mayar mata da shi, kuma wannan babu dokar suna da ta hana.

Masanan yau sun koyi jinkiri har ya kai su ga wata matsalar. A 2010 aka karanta ƙwayoyin gado daga guntun ƙashin yatsa na kogon Denisova a Saiberiya, aka ga wata al'umma ce dabam, amma masu binciken suka ƙi raɗa mata sunan Latin, suka bar ta da sunan kogon. A 2021 wasu masanan Sin suka ba wani babban ƙoƙo na birnin Harbin suna Homo longi. A 2025 gwajin furotin daga ƙashinsa da na ƙwayoyin gado daga dattin haƙorinsa ya nuna ɗan Denisova ne. Da yawa na ganin dokar rigaye za ta ɗora wa al'ummar gaba ɗaya sunan longi, alhali waɗanda suka raɗa shi suna ganin wani nau'i dabam suke bayyanawa.